Dogon Hutu da Ƙofofin Kwaleji: Yadda Ake Koya wa 'Yan Sakandare Rubutu da Tarihi a Amurka



Ina godiya ga shugabannin reshe da suka ba ni wannan dama. An nemi in yi magana a kan dogon hutu, wato makonnin nan da muke rufe makarantu daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Batun yana da faɗi, don haka na ɗauki gefe guda. Akwai wani tsari da ya daɗe a Amurka, inda jami'o'i da kwalejoji kan buɗe ƙofofinsu lokacin hutu, su karɓi 'yan sakandare, su zaunar da su na wasu makonni suna koyon rubutu da tarihi. Zan bayyana yadda ake gudanar da shi a wasu wurare, in nuna waɗanda ake bari su shiga da waɗanda kuɗi ke tsarewa a bakin ƙofa, sannan in dawo gida. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin firamare da zancen 'yan sakandare? Amsar za ta zo kafin in zauna.

Hutun ƙarshen shekara a Amurka yakan faɗo tsakanin Yuni da Agusta, lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu, kuma yakan kai kusan mako goma. A wannan lokaci yawancin ɗaliban jami'a sun koma gida, ɗakunan kwana babu kowa, laburare a buɗe yake, malamai da dama suna gari. Sai makarantun suka ga babu dalilin barin wurin ya zauna haka nan. Suka riƙa kiran yara masu shekara 15 zuwa 18, su kwana a ɗakunan ɗalibai, su ci abinci a inda ɗalibai ke ci, su zauna gaban malaman da ke koyar da manya.

Bari in fara da rubutu. Jami'ar Iowa ta yi suna a wannan fage, domin tun 1936 take da sashen horar da marubuta, wanda shi ne na farko a ƙasar da ya fara ba da digiri a kan ƙagaggen rubutu. A 2008 hukumar UNESCO ta sa birnin da jami'ar take a cikin jerin biranen adabi na duniya. A nan ne ake gudanar da wani shiri na mako biyu domin 'yan sakandare, kuma masu koyarwar marubuta ne da suka fito daga wancan sashe. Yaro yakan zaɓi abin da zai mai da hankali a kai, ko ƙagaggen labari, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo. Hanyar koyarwar da aka san Iowa da ita tana da ban sha'awa. Yaro ya rubuta labarinsa, a raba wa 'yan ajin su karanta tun kafin a haɗu. Idan aka zauna, sai kowa ya faɗi abin da ya fahimta, da inda labarin ya kama shi, da inda ya ɓace masa, mai labarin kuwa yana zaune shiru yana rubuta abin da ake faɗa. Hikimar yin shirun ita ce, ranar da rubutu ya bar hannun mai shi, ba zai bi shi gida-gida yana yi wa masu karatu bayanin abin da yake nufi ba. Takardar ce za ta tsaya ta yi wa kanta magana.

A jihar Ohio kuma akwai Kwalejin Kenyon, wadda aka kafa a 1824, tana kuma wani ɗan ƙauye mai suna Gambier. Kwalejin tana da mujallar adabi da ta fara fitowa a 1939, kuma mujallar ce ke shirya wa matasa zaman mako biyu. Ana raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni bai fi mutum goma sha biyu zuwa sha huɗu ba, su yi kimanin awa biyar a rana suna rubutu tare da malami guda. A can an fi ba da ƙarfi ga ƙirƙirar sabon abu kullum. A ba yaro ɗan abin da zai tayar masa da tunani, ya rubuta nan take, ya karanta wa 'yan uwansa. Ba a ba da maki, ba a fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Mu da muka saba da jan biro mun san yadda tsoron maki yake ɗaure hannun yaro, har ya gwammace ya kwafi jimlar da ya tabbata daidai ce a kan ya gwada tasa.

Sai tarihi. Misalin da zan kawo shi ne na Kwalejin William da Mary da ke Williamsburg a jihar Virginia. An kafa ta a 1693, kuma in ban da Harvard babu makarantar gaba da sakandare da ta girme ta a Amurka. Kwalejin tana zaune ne a tsakiyar wuraren da tarihin ƙasar ya faro. Kusa da ita Jamestown take, inda Turawan Ingila suka kafa mazauninsu na farko mai ɗorewa a 1607. Kusa da ita kuma Yorktown take, inda sojojin Ingila suka miƙa wuya a 1781. A gaɓar wannan jiha ne aka sauke 'yan Afirka na farko da aka kawo wa mazaunan Ingilan a 1619, bayan an kamo su daga yankin Angola. Shirin da kwalejin ke yi wa 'yan sakandare na mako uku ne. Kusan kullum akan ɗauki yaran a mota zuwa wurin da abin ya auku, su ga gidajen, su ga ramukan da masu binciken kayan tarihi suka haƙa, su dawo su zauna da malami su tattauna abin da suka gani da abin da suka karanta. Wanda ya kammala, ana lissafa masa karatun a matsayin darasin jami'a.

Abin lura a nan shi ne irin tambayar da ake koya wa yaro ya yi. Idan aka sa masa tsohuwar takarda a gaba, ana so ya tambaya: wa ya rubuta ta, yaushe, domin wa, kuma wa aka bari a waje? Littafin lissafin mai gandu zai nuna masa sunayen bayi da kuɗin da aka saye su. Labarin da bawan da ya tsere ya rubuta da hannunsa zai nuna masa abin da littafin lissafin bai ɗauka ba. Aikin yaron shi ne ya ajiye su gefe da gefe, ya auna, ya rubuta abin da ya gano da hujjarsa. Wannan ne ya sa rubutu da tarihi suke tafiya tare a waɗannan shirye-shirye. Wanda ya iya auna shaida yana bukatar alƙalamin da zai bayyana hukuncinsa, mai alƙalami kuma yana bukatar abin faɗa.

'Yan uwa, idan muka tattara waɗannan misalai, za mu ga abin da ya haɗa su bai shafi tsawon gini ko yawan kwamfuta ba. Yara kaɗan ne a aji. An ba su lokaci mai tsawo a kan abu guda. Akwai babban mutum da ke karanta abin da suka rubuta da gaske, ya mayar musu su gyara, ya sake karantawa. Ana ɗaukar ɗan shekara sha shida a matsayin marubuci ko mai bincike tun bai zama ba, shi kuwa sai ya yi ƙoƙarin cika sunan da aka ba shi.

Sai dai kuma kada in yaudare ku da cewa komai lafiya lau yake. Yawancin waɗannan shirye-shirye na kuɗi ne, kuma kuɗin kan kai dubban daloli a mako biyu ko uku. Akwai tallafi ga wasu, amma ɗan mai hali ya fi saurin jin labari, ya fi samun mai taya shi cika takardu. Ta haka hutun da ya kamata ya zama na kowa sai ya ƙara nisan da ke tsakanin yara: ɗaya ya dawo makaranta da sabon ilimi da takardar shaidar da za ta taimake shi shiga jami'a, ɗaya ya dawo ya manta rabin abin da ya koya bara.

Su kansu Amurkawan sun gane wannan, kuma wasunsu sun nemi magani. A zamanin Shugaba Lyndon Johnson, cikin shirinsa na yaƙi da talauci, aka kafa Upward Bound a tsakiyar shekarun 1960. Gwamnatin tarayya ce ke ba jami'o'i kuɗi su ɗauki 'ya'yan marasa ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba, su zaunar da su kimanin mako shida lokacin hutu, su ci gaba da bibiyarsu bayan an koma makaranta. Akwai kuma ƙungiyar Telluride, wadda tun 1954 take shirya wa 'yan sakandare zaman wasu makonni a harabar jami'o'i irin su Cornell. Ba a biyan ko kwabo, daga abinci har littattafai. Kowace ranar aiki ana zaman tattaunawa na awa uku a kan tarihi da adabi da siyasa, babu maki, kuma yaran ne da kansu ke tsara zamansu ta hanyar shawara da ƙuri'a. Ana zaɓensu ne ta rubuce-rubucen da suka aiko da kuma ganawa.

Na uku shi ne shirin da Jami'ar Columbia ta fara a 2009 domin 'ya'yan talakawan birnin New York da ke shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare. Kyauta ne. Yaran kan karanta littattafai masu nauyi, tun daga Aflatun na Girka har zuwa Frederick Douglass, bawan nan da ya koyi karatu a ɓoye, ya tsere, ya buga tarihin rayuwarsa a 1845. Suna karantawa suna rubutu kullum, kuma bayan hutu a taimaka musu wajen neman jami'a. Malamin da aka fi sanin shirin da shi, Roosevelt Montás, shi ma ɗan talaka ne. An haife shi a Jamhuriyar Dominikan, ya zo New York yana da shekara 12. Ya ba da labari a littafinsa na 2021 cewa a cikin tarin shara kusa da gidansu ya tsinci littafin Aflatun. Wani malaminsu na sakandare ya gan shi yana fama da littafin, ya tsaya ya tambaye shi, daga nan ya riƙe shi har ya shiga Columbia.

Ina so mu tsaya kan wannan malami. Littafin yana cikin shara ko wa zai iya tsinta, amma da babu idon da ya lura da yaron, da abin ya tsaya nan. Haka yake a takardun neman shiga irin waɗannan shirye-shirye. A Iowa, alal misali, ana neman samfurin rubutun yaro, da bayanin dalilin da ya sa yake son zuwa, da wasiƙar shaida daga malaminsa. To, ga amsar tambayar da na yi alkawari. Yaron da zai iya cika shafuka da tunaninsa yana ɗan shekara sha shida, ba a sakandare ya fara ba. A aji uku da aji huɗu na firamare ne wani ya ce masa ya rubuta abin da ya gani a kasuwa, ya karanta, ya yaba masa jimla ɗaya, ya ce ya ƙaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwaleji tana iya goge abin da aka kawo mata, amma mu ne masu kawowa.

Yanzu bari in dawo gida, domin wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da 21, dukansu ba su daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, dukansu kuma malaman makaranta ne kamar mu. A 1936 aka ɗauko Imam daga ajinsa a Katsina aka kai shi Zariya na wasu watanni, aka ba shi wurin zama da littattafai da mai duba masa aiki. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce. Hazaƙar tana nan tun da farko. Abin da aka ƙara mata shi ne gayyata da lokaci da mai karantawa.

A ɓangaren tarihi kuwa, mun san halin da muka shiga. Wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. Sai a Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, tare da horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ku lissafa da kanku. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2010 ya gama ƙaramar sakandare a 2019 bai taɓa zama a ajin tarihi ba. Wasu daga cikin waɗannan yara yanzu suna kwalejojin ilimi, gobe su ne abokan aikinmu. Ga kuma dogon hutun 'yan babbar sakandarenmu: mai hali ya tafi lesin ya haddace tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na shekarun baya, marar hali ya tafi gona ko kasuwa ko talla. Babu laifi a gona, babu laifi a shirin jarrabawa. Amma a cikin makonnin nan duka, da wuya a sami rana ɗaya da wani zai ce wa yaro ya rubuta abin da shi kansa yake tunani.

Kwalejojinmu kuwa sun san yadda ake buɗe ƙofa lokacin hutu. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan ta karatun dogon hutu suka sami NCE ko digiri. Abin da aka yi mana, ana iya yi wa yaranmu kaɗan daga ciki. Kayan aikin ma muna da su. Wanda ke Kano yana da Dala da ganuwa da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Na Katsina yana da Gobarau, na Daura yana da Kusugu, na Zariya yana da Kufena, na Sakkwato yana da Hubbare. A Kaduna akwai Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ko a ƙaramin gari akwai tsohuwar da ta san yadda unguwa ta samo sunanta, akwai malamin zaure da ke da wasiƙun ajami a cikin gafaka. Waɗannan mutane ba za su jira mu har abada ba.

Saboda haka ga shawarar da nake miƙa wa reshe. Mu naɗa 'yan mutane kaɗan su je su gana da sashen Hausa da na Turanci da na tarihi a kwalejin ilimi mafi kusa da mu, su nemi aron aji biyu da laburare na mako biyu. A fara da yara ashirin da huɗu daga aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, a raba su gida biyu. A yi shi jeka-ka-dawo, domin hankalin iyaye ya kwanta, musamman iyayen 'yan mata, kuma a tsai da ranakun da shawararsu tunda damina ce. Da safe a fita a ga wuri ko a zauna da wani dattijo, da rana a dawo a rubuta, a karanta wa juna, a gyara. A bar yaro ya rubuta da Hausa ko da Turanci, wanda ya fi iya tunani da shi. Ranar ƙarshe a tattara rubuce-rubucen a ɗinke su ɗan littafi, a kira iyaye su ji 'ya'yansu suna karantawa. Abin da za a kashe shi ne abincin rana da kuɗin mota da takarda da ɗan abin sallamar masu koyarwa, kuma wannan bai fi ƙarfin ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai ba in an haɗa hannu.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo a riƙe da ƙarfi, domin shi ne darasin da muka gani a Amurka. Kada a karɓi kuɗi daga yaro, kuma kada a zaɓe shi don sanayya. A ba kowa takarda ya rubuta shafi biyu a gaban malami, a cire suna a sa lamba, a ba wasu su duba. A raba guraben daidai tsakanin maza da mata. Na san iyalanmu suna nan suna saurare, kuma kowa nasa yake so. Ɗan malami ya shiga layi kamar ɗan mai faskare, in rubutunsa ya ci ya wuce. Idan muka cika wurin da 'ya'yanmu da na manyan gari, mun gina wa masu rufi wani rufin ne, na waje yana nan cikin ruwa.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowannenmu zai iya farawa ranar Litinin ba tare da neman izinin kowa ba. Mu ware darasi ɗaya a mako domin insha'in da ba na kwafa daga allo ba. Mu tura yara gida su tambayi kakanninsu daga ina aka zo, wace sana'a aka gada, wace shekara aka yi yunwa ko ambaliya, su rubuto ko da jimla biyar ce. Ajinmu ya cika, na sani, ba za a iya karanta littafi tamanin a dare ɗaya ba. A karanta goma wannan mako, goma mako mai zuwa, a rubuta wa kowane yaro kalma ɗaya da za ta nuna masa an karanta. Idan kuma muka ga yaron da alƙalami ya karɓe shi, mu riƙe sunansa, mu gaya wa malamin da zai karɓe shi a gaba, har ya isa sakandare da shaidarsa.

Shugaban taro, ina roƙon a sa wannan shawara cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba, a kuma naɗa masu zuwa kwalejin tun kafin zangon ƙarshe ya shigo, domin a sami lokacin shiri.  Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.